Wadda Na Bar wa Makullin Shafina

Abin da na fara lura da shi da na shigo gida shi ne hijabin Umma. Tana zaune a inuwar darbejiya tana tsintar wake, babu baƙo a gidan, ba kuma unguwa za ta ba, ga zafin nan mai ɗanko da ke biyo bayan ruwan sama, amma ta rufe kanta ruf har haɓa. Umma ba ta sa hijabi a tsakar gidanta sai in za ta yi salla. Ɗankwalinta ma yawanci a kafaɗa yake ƙarewa kafin azahar.

Daga Dutsi na dawo ranar, inda na yi dogon hutu wurin kakata. Na sauke tsarabar da aka ba ni, ɗanyar gyaɗa da busasshiyar kuɓewa da man shanu a 'yar roba, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa, ta tambayi ƙafar Kaka, ta tambayi yadda gero ya yi a can. Duk wannan idonta yana kan waken. Na duba gefen turmi inda take ajiye kaba da faifan da take cikin saƙawa, na ga wurin a share, ko tsinke babu.

Sai da na ci abinci na wanke hannu sannan ta gaya mini. Wani mutum da ke zama a rumfar da ke kusa da ta Baba a kasuwar hatsi ya miƙo masa waya a gaban mutane, yana dariya, yana cewa ashe iyalinsa sun shiga duniya. A wayar hoton Umma ne, kanta babu ɗankwali, rabin kitsonta a tsefe, tana dariya har ana ganin wushiryarta. A saman hoton kuma sunan shafina ne.

Ina aji biyar na sakandare a lokacin. Makarantarmu tana da kulob ɗin kwamfuta, kuma Malamar da ke kula da shi ta sa kowacce ta buɗe shafin intanet a kan abin da ta sani. Ni abin da na sani shi ne saƙar faifai, don tun ina rarrafe nake ganin hannun Umma a cikin kaba. Na riƙa ɗaukar hotunan faya-fayanta da wayarta, ina rubuta sunan da take kiran kowane zane, wannan ƙafar kaza, wancan hanyar tururuwa, da yadda ake rina kaba, da abin da ya sa bakin faifai yake karkacewa in an ja shi da ƙarfi. Kawuna da ke Kano ne ya buɗe mini asusu a wani kamfani da ke ajiye wa mutane shafukansu, ya sa lambar wayar Umma tunda ni ba ni da waya. Baba bai so abin ba da farko. Da ya yarda, sharaɗi ɗaya ya gindaya, kuma da bakinsa ya faɗa mini, abin da ba kasafai yake yi ba: kada fuskar kowa ta gidan nan ta fita. Shi ya sa duk hotunan da na sa, hannu ne da kaba da allura, iyakarta ke nan.

Wancan hoton kuwa wata safiya na ɗauke shi, Umma tana saƙa tana tsifar kai a lokaci guda, akuya ta zo ta figi kabar ta gudu da ita. Da na nuna mata sai ta daɗe tana kallo, ta ce ta yi kama da mahaifiyarta. Ta ce in adana mata shi, amma kada ya fita. Wayarta kullum a cike take, don haka na ajiye shi a cikin asusun, a wata jaka ta daban da ba ta bayyana a shafin. Na sa wa jakar suna "na gida".

Umma ta ce Baba ya dawo ranar bai ci tuwon dare ba. Da safe ya ba ta saƙo ta riƙe har in dawo: in rufe shafin, in fita daga kulob ɗin, kuma ba ya son jin wani bayani. Na ce mata wallahi ba ni ba ce, ina can inda sai an hau tudun bayan gari ake samun sabis, ga shi ko waya ban tafi da ita ba. Ta ce haka ita ma ta faɗa masa. Ya ce yaran yanzu suna iya saita abu ya fito bayan sun tafi, kuma wayoyi sun cika Dutsi.

"Ni dai ke na ba wa amana," in ji Umma, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Na karɓi wayarta na shiga. Hoton yana nan a fuskar shafin, babba, a saman komai. Tun ranar da aka nuna wa Baba yake zaune a wurin, kowa ya ga dama ya kalla. Na cire shi nan take, na rufe shafin yadda Baba ya ce. Da magariba Baba ya shigo, na durƙusa na yi masa sannu da zuwa, ya amsa wa ƙanena da ke bayana.

Mutum ɗaya ne ban da ni yake da hanyar shiga asusun. Ƙawata ce, wadda muke benci ɗaya tun aji ɗaya. Iyayenmu mata sun san da ƙawancen, da salla kwanon gidansu ne yake fara shigowa gidanmu, babanta da Baba kuma a masallaci ɗaya suke salla. Ni ba na iya magana a gaban mutane. In malami ya kira sunana, amsar tana cikin kaina amma ba ta fitowa. Ita ce take ɗaga hannu ta ce, "Malam, ta sani, ga shi ma ta rubuta." Ita ke yi mini ciniki wurin mai awara, ita ke rama mini in an tsokane ni. Tana kirana Hajiya Shiru, ni kuma ban taɓa jin haushi ba.

Kafin hutu Malama ta ce kada kowa ta bar shafinta ya mutu, don da an dawo za a zaɓi guda a kai gasa Katsina. Na damu, tunda na san inda za ni. Umma ce ta ce ai mai tafiya maƙwabci yake bar wa makulli, ba ya tafiya ya bar awaki da ƙishirwa. Sai na yi abin da Malama ta taɓa koya mana, na buɗe wa ƙawata ƙofa ta biyu a asusun, da sunanta da kalmar sirrinta. Na shirya mata hotunan faya-fayai a jere, na ce ta riƙa sa ɗaya-ɗaya. Na nuna mata jakar "na gida" da yatsana, na ce wannan kada ta taɓa. Ta ce in cire damuwa, me za ta yi da kayan gidanmu.

Washegarin dawowata ta zo, tun kafin in aika. Ta gaida Umma har ƙasa, ta shige ɗaki ta zauna a bakin katifata. Ta riga ta ji labari, ta ce babanta ne ya kawo maganar gida. Ta rantse mini cewa tun satin farko ta manta kalmar sirrin, kunya ce ta hana ta faɗa, ko sau ɗaya ba ta ƙara shiga ba. Ta ce ɓarayin intanet ne, haka suka yi wa wata 'yar uwarsu a Kano. Da na fara kuka ta jawo ni jikinta, tana goge mini fuska da gefen mayafinta, tana cewa Allah zai tona asirin ko wane ne. Har ta sa ni dariya, ta ce in an kama shi ita za ta riƙe shi ni kuma in zage shi, in ya so a ga ko bakina zai buɗe. Kafin ta tafi Umma ta ɗiba mata gyaɗar da na kawo. Na raka ta har bakin layi. Na yarda da ita ɗari bisa ɗari, har na ji kunyar zargin da na yi mata a raina a daren jiya.

Da aka koma makaranta na je ɗakin kwamfuta lokacin hutun tara, don in gaya wa Malama na fita daga kulob. Na tsaya a bakin ƙofa na daɗe kafin ta ɗago. A rubuce na kai maganar, don na san ba zan iya faɗa ba. Ta karanta, ta cire tabarau, ta sa na ba ta labarin tun daga farko. Da na zo kan ɓarayin intanet sai ta ɗan murmusa. Ta ce ɓarawo ba ya shiga gida ya gyara wa mutum ɗaki, kuma duk wanda ya sa hoton nan ya daidaita shi tsaf a tsakiya.

Ita ce ta gaya mini cewa kamfanonin nan suna da irin aikin maigadin makarantarmu, wanda ke rubuta duk wanda ya shiga da wanda ya fita. Kowace shiga asusu ana rubuta ta, da sunan da aka shiga da shi, da rana da lokaci, da abin da aka taɓa. Ta ce haƙƙina ne in gani tunda asusuna ne. Ban taɓa sanin haka ba. Na tabbata ƙawata ma ba ta sani ba.

Muka shiga, Malama ta kai ni wani sashe can ƙasa da ban taɓa buɗewa ba, wurin tsaron asusu. Da na danna sai aka ce an tura lamba zuwa wayar da aka yi rajista da ita, sai na sa lambar za a buɗe. Wayar tana gida a hannun Umma, kuma an hana mu zuwa makaranta da waya. Malama ta ce in roƙa a ara mini gobe, ita za ta tsaya mini in an kama ni.

Ban san yadda zan roƙi Umma ba, don saƙon Baba a rufe shafin ne, ba a ci gaba da tona shi ba. Na yi ta kewaye-kewaye ina taya ta wanke-wanke har ta ce in faɗi abin da ke bakina. Da na faɗa sai ta ci gaba da ɗauraye kwanuka. Da safe ina saka takalmi na ji jakata ta ɗan yi nauyi. Wayar ce, a kashe, an naɗe ta a cikin tsohon ɗankwali an cusa tsakanin littattafaina.

Ranar babu wuta, sai da aka tayar da janareto don ofishin shugabar makaranta sannan kwamfutocin suka kama. Lambar ta shigo, na sa. Shafi ya buɗe, layi-layi, da Turanci, ƙananan rubutu. Malama ta jawo kujera ta zauna gefena amma ta bar ni in karanta da kaina.

Na farko-farko duk sunana ne, kafin hutu. Daga ranar da na tafi Dutsi sunana ya ɓace, na ƙawata ya karɓa. Ba satin farko kaɗai ba. Ta shiga a sati na biyu, ta shiga a na uku, wani lokaci sau biyu a yini, kusan kullum bayan la'asar. Na ga inda ta sa faya-fayan da na bar mata, ɗaya bayan ɗaya, yadda na ce. Sannan na ga layin da ya ce an buɗe jakar "na gida". Layin da ke binsa ya ce an kwafi hoto daga ciki zuwa fuskar shafi. Tsakaninsu ko minti biyu babu. Ba ta ma tsaya ta yi tunani ba.

Na zaci nan ne ƙarshen abin, har na fara janye hannuna. Malama ta sa yatsa a kan wasu layuka biyu da ke ƙasa. Dukansu suna cewa an gyara sashen da ake rubuta sunan mai shafi. Na farko ranar da aka sa hoton ne. Na biyun kuma, da na duba kwanan watan, na gane shi. Umma ta ce mini ranar da aka nuna wa Baba hoton ita ce ranar sunan gidan maƙwabtanmu, kuma na san ranar don an aiko wa Kaka da goron sunan. Gyara na biyu washegarin wannan rana aka yi shi, da sassafe, lokacin da ba ta taɓa shiga ba.

Malama ta ce kamfanin yana ajiye tsofaffin kwafin shafi, bari mu ga me aka canja. Ta buɗe na tsakanin ranakun biyu. A wurin da sunana yake shi kaɗai, akwai sunaye biyu, nata a sama, nawa a ƙasa. Ta buɗe na bayan gyara na biyu. Sunana ne shi kaɗai kamar dā. Hoton Umma kuwa yana nan a inda yake.

Wato ta ji labari da daddare a bakin babanta, ta kwana da shi, gari na wayewa ta shiga ta goge sunanta. Tana cikin asusun, hoton yana gabanta, dannawa ɗaya ce za ta sauke shi. Ta fita ta bar shi. Bayan wannan ba ta ƙara shiga ba, shi kuma ya ci gaba da zama a idon duniya har ranar da na dawo.

Ban yi kuka ba. Abin da ya riƙa dawo mini shi ne ƙamshin turaren mayafinta lokacin da take goge mini fuska, da yadda ta buɗe bakin leda Umma tana zuba mata gyaɗa.

Malama ta buga mini layukan nan a takarda, ta ce in kai wa Baba, in ya so ita ma za ta zo ta yi masa bayani. Na karɓa na ninke, amma na san ba zan kai ba. Baba ba ya karanta Turanci, kuma ya ce ba ya son bayani. In na ajiye masa takarda a gabansa, na zama 'yar da ke jayayya da ubanta. In kuma Malama ta zo, magana ta fita daga gida ke nan karo na biyu, ta koma tsakaninsa da baban ƙawata, mutanen da suke haɗa kafaɗa a sahu sau biyar a rana. A gidanmu in an yi wa mutum laifi, wanda ya yi shi ne yake zuwa ya durƙusa ya faɗa da bakinsa. Abin da Baba zai saurara ke nan, shi kaɗai.

Na koma aji na zauna kusa da ita har aka tashi. Ta ari bairona, ta yi mini raɗa a kan takalmin malamin lissafi, na ma ɗan yi murmushi don kada ta gane. Da aka tashi muka kama hanya tare kamar kullum. Hanyarmu ta bayan rijiyar Kusugu take bi, sannan mu rabu a wata mararraba inda mai gasa masara yake zama da damina. Tana ta ba ni labarin gasar Katsina, wai Malama ta fara duba shafuka, wai da ba a rufe nawa ba da shi za a ɗauka. Da muka wuce mai masara, wurin da babu mutane sosai, na tsaya. Na ciro takardar na miƙa mata.

Ta duba sama-sama ta ce mene ne wannan kuma, Hajiya Shiru ta zama 'yar sanda? Na nuna mata layukan da yatsa. Ta ci gaba da karantawa, na ga leɓenta ya daina motsi. Ta fara cewa ai kowa zai iya shiga da sunanta. Na ce ɓarawo ne ya sa sunanta a saman nawa? Ta kalli ƙasa, tana murza gefen takardar.

Da ta buɗe baki, ba haƙuri ta fara ba ni ba. Ta ce shafin ya yi sanyi, faifai da faifai kawai, babu mai tsayawa ya kalla, da ta sa hoton kuwa mutane suka yi ta shiga. Ta ce in an tafi Katsina wa zai tsaya gaban alƙalai ya yi magana, ni? Ita za ta yi, kamar yadda ta saba yi mini, to me ya sa sunanta ba zai fito ba. Ta ce ba ta san abin zai kai kasuwa ba.

"Da kika koma kika goge sunanki," na ce, "me ya hana ki sauke hoton?"

Ta ce tsoro ta ji. Ta ce in hoton ya ɓace alhali ina Dutsi, kowa zai san akwai wanda ke shiga, kuma za a tambaye ni wane ne. Ta faɗi haka ne a hankali, kamar tana ba ni amsar lissafi. Nan na gane ta auna komai tun a wancan safiyar, ta san a kan wa laifin zai faɗa in ta bar shi.

Sai ta kama hannuna ta fara roƙona. Ta ce babanta zai cire ta daga makaranta in ya ji, in rufa mata asiri don Allah, Baba zai huce da kansa, ai kullum iyaye suna hucewa. Ta ce za ta yi mini duk abin da nake so. Na zare hannuna. Na karɓi takardar daga wurinta na mayar jaka. Muryata ta fita, kuma ban riga na rubuta komai a takarda ba.

"Ba zan kai wa babanki ba, ba zan nuna wa 'yan aji ba," na ce. "Gobe bayan la'asar Baba yana gida. Don Allah ki zo, ki fara shiga wurin Umma, sannan ki faɗa masa da bakinki cewa ba ni ba ce."